Tirelar ɗaukar ƙaramin injin haƙa ƙasa: abin da aka tattauna

Jama'a, ga abin da na tsinto daga maganganunku kan irin tirelar da ta dace da ɗaukar ƙaramin injin haƙa ƙasa:

1. Kowa ya yarda a fara da nauyi. Ƙaramin injin haƙa samfurin Kubota U17 kusan tan 1.7 ne, amma ƙarin bokitan haƙa da sarƙoƙi duk kaya ne. A cire nauyin tirelar kanta daga jimillar nauyin da aka rubuta a jikinta. Abin da ya rage shi za ta ɗauka.
2. Mai taya huɗu, mai birki. Nan babu gardama.
3. An rabu kan yadda injin zai hau tirelar: wasu na son tirela mai karkatowa ƙasa, wasu mai gadar ƙarfe da injin zai taka ya hau, don ba ta da tsada. Da damina gadar na santsi, ni dai na fi karkata ga ta farkon.
4. A ɗaure injin ta kusurwa huɗu, a sauke bokiti ƙasa.
5. A duba ƙarfin motar da za ta ja.