Musayar Waƙa: Farar Beyar da Tsohon Kifin Girinlan

Malamin kimiyya na wani ƙauye a ƙasar Guri ne ya buɗe fagen da tambaya: tsakanin farar beyar (wata babbar dabba mai cin nama) ta yankin Atik, wato yankin ƙanƙara na ƙarshen arewacin duniya, da kifin shak na Girinlan, wani ƙaton tsibiri a can, wanne ya fi shiga haɗarin ƙarewa?

Malamin kimiyya, Guri:

Da sunan Allah nake farawa,
Zancen farar beyar nake kawowa,
Wadda a kan ƙanƙarar teku take rayuwa.
Namijinta kilo 500 yake kaiwa,
Gashin fari ne ga mai dubawa,
Amma fatar baƙa ce, ba musantawa.
Tana kwanto a bakin ramin da sil ke leƙowa,
Wata dabba mai kitse da ayu ke kamantuwa.
To ga shi ƙanƙarar tana narkewa,
Kwanakin farauta suna raguwa,
In uwa ta rame nono na ƙafewa,
Jarirai biyu a kogo su dogara da wa?

Ɗan masunta, Kirikasamma:

Allah gafarta Malam, ina amsawa,
Mai kyau ake tausayi, mummuna ana mantawa.
A zurfin tekun nan shak ɗin ke gilmawa,
Guringuntsi ne jikinsa, babu ƙayar cirewa,
Kusan santimita ɗaya a shekara yake ƙaruwa.
A 2016 ƙwayar idonsa masana suka yi ta aunawa,
Suka ce shekara 272 aƙalla babbar cikinsu ta yi tana rayuwa,
Har kusan 400 ma ake kintatawa,
Ke nan tana ruwa jihadin 1804 bai soma tasowa.
Macen sai ta kai wajen 150 take fara haihuwa,
In raga ta kwashe ta, a wane ƙarni za a ga mayewa?

Malamin kimiyya, Guri:

Ɗana, ka yi magana, amma ga abin lurawa:
A Oslo a 1973 aka ƙulla yarjejeniyar karewa,
Kanada, Amurka, Norwe, Denmak da Sobiyat ne masu rattabawa.
Sun taƙaita harbi, beyar ta sami sararawa,
Sai dai wace takarda ce ke hana ƙanƙara zubewa?

Inna mai bandar kifi, Auyo:

Malam, da kai da ɗan nan ku ba ni wurin tsayawa.
Shak ɗin don man hantarsa aka daɗe ana kamawa,
Yau a ragar wani kifin daban yake faɗawa.
Ɗanyen namansa guba ne mai bugarwa,
Sai ya tsumu an shanya a Aisilan ake taunawa,
Ni kam ko kyauta ba na ɗanɗanawa.
IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, aji ɗaya ta sa beyar da shak, na masu rauni da ake tsoron ƙarewa.
Ni abin da idona ya gani nake ƙarawa:
Jiya kwaryar karfasa aka kawo mini in bandace don sayarwa,
Faɗin yatsa biyu ko ɗayansu ba ta cikawa,
Da gidan sauro aka tace su daga fadama da asubar farawa,
Na jera su a waya, rabinsu ta ramukan suka yi ta zubewa.