Madarar WIC: ta babbar tana lalacewa, ta ƙaramin ba ta kai ƙarshen wata

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Bronx cikin birnin New York, shekarata huɗu da zuwa Amurka. Yarana biyu suna cikin shirin WIC, wato tallafin abinci na gwamnati ga mata da ƙananan yara da ake karɓa da kati a shago, Hanifa mai shekara uku da ƙaninta ɗan wata bakwai. Maigida tasi yake ja, haya kuma ita ke cinye fiye da rabin abin da ya samo, don haka katin nan ba ƙaramin rufin asiri yake mana ba.

Ga abin da ke damuna. Hanifa ana ba ta madarar ruwa fiye da galan uku a wata, ita kuwa ba ta sha sai da rigima. Wata biyu ke nan ina zubar da wadda ta lalace, wallahi duk ranar da na zubar sai na tuna yaran gida. Kwalayen siril (abincin hatsi na karin kumallo) ma sun taru a saman firji. Shi kuma yaron, nonona ya ɗauke tun yana wata uku, madarar gwangwani yake sha. Da ya cika wata shida sai aka rage mana daga gwangwani goma zuwa bakwai, yanzu ba ta kai mu ƙarshen wata.

Ƙanwar maigida ta ce akwai mai shagon da zai goga katin ya ba ni kuɗi a hannu, in sayar da rabon Hanifa in sayo wa yaro tasa. Ta kuma ce in riƙa rage cokali ɗaya na garin madarar yaron ina ƙara ruwa, wai kowa haka yake yi. Na gwada kwana biyu, hankalina bai kwanta ba. Siril ɗin kuma ta ce a zuba a durom ɗin da za mu aika gida. Don Allah waɗanda suka riga ni a harkar nan, ku faɗa mini gaskiya.

Anti Rabi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, aikin jinya nake yi, kuma kafin komai ina roƙon ki ki daina ƙara ruwan nan daga yau. Ƙodar jariri ba ta da ƙarfin fitar da ruwa mai yawa. Idan aka tsinke madara, gishirin jininsa sauka yake yi, yana iya kai shi ga jijjiga har a kwantar da shi a asibiti. Ban da haka, cikinsa zai cika amma abincin bai shiga ba. Yadda aka rubuta a jikin gwangwani haka za ki haɗa, ba ragi ba ƙari. Idan kin ga yana yawan barci fiye da kima ko jikinsa ya saki, ki kai shi wurin likita nan take.

Ragin da aka yi miki ba kuskure ba ne. Daga wata shida ana sa ran yaro ya fara cin abinci, shi ya sa suke ƙara garin kunun jarirai mai sinadarin ƙarfe da 'yan kwalaben kayan lambu da 'ya'yan itace. Ki duba katinki, suna ciki. Kina karɓa? Kuma shirin tun asali tallafi ne, ba a tsara shi ya ɗauke duk abincin yaro ba. In kuna da SNAP, wani tallafin gwamnati na sayen abinci, ana iya sayen madarar jarirai da shi. In babu, ki kira 311, lambar neman bayani ta birnin, ki tambayi wuraren rabon abinci na kusa da ke, ki kuma gaya wa likitan yaron halin da ake ciki.

Kada ki ba shi madarar Hanifa sai ya shekara. Zuma ma haka, ko da iyayenmu sun saba lasa wa jarirai.

Hajiya Maman Biyu:
'Yata, na yi shekara goma sha tara a garin nan, yara biyar na raina da WIC tun ana ba da takardun ceki kafin a kawo kati. Kuskuren da na yi da fari shi ne naki: na ɗauka dole sai na kwashe duk abin da aka rubuta. Ba dole ba ne. Abin da ba ki ɗauka ba ya wuce da watan, ba ya tsallakawa, amma ba za a rage miki na wata mai zuwa ba saboda kin bari. To me ya sa za ki ɗauko galan ki zubar?

Ki je ofishinsu ki nemi mai ba da shawara kan abinci, ki ce mata ɗiyarki ba ta shan madara. Ana musanya wani ɓangare da yogot ko cuku, ni an yi mini. Yogot ɗin nan da shi nake dama wa yara fura, ba mai barin ko cokali. Markaɗaɗɗiyar gyaɗar da suke bayarwa kuwa kunun gyaɗa nake yi da ita, in zuba madarar a ciki bayan na sauke, yaron da ke gudun kofi sai ya shanye bai sani ba. A wajen wake ki zaɓi farin wake mai baƙin ido, ga alala ga ƙosai. Maimakon siril mai kwali, ki tambaya ko za ki iya ɗaukar hatsin nan da ake kira ots, yana yin kunu mai kyau. Abincinsu ne, amma tukunyarki ce.

Kuma kada ki matsa mata da madara. Kofi biyu a rana ya ishi 'yar shekara uku. Wani jikana ya sha ta wuce misali har ya daina cin abinci, da aka soki yatsarsa a ofishin aka ce jininsa ya yi ƙasa.

Baban Sadik:
Maman Hanifa, batun mai shago ki bar shi kwata-kwata. Ranar da kika shiga shirin kin sa hannu a kan ba za ki sayar ko ki musanya ba. In aka gano, ana iya cire ku a kuma ce ku biya, shi kuma mai shagon ba zai ba ki ko kusa da kuɗin kayan ba. Ta fuskar addini ma, da sunan Hanifa aka bayar, haƙƙinta ne a hannunki. Ki zauna da maigida ku fitar da kuɗin gwangwani biyu a wata tun farkon wata, kafin a taɓa komai.

Ummu Yasir:
Ni dai maganar durom ce ta tsaya mini. Abin da ya riga ya taru a saman firji, a bar shi ya lalace alhali ga yara a gida ba su samu ba? Gaskiya da wuya in ga laifin ƙanwar mijinki a nan.

Hajiya Maman Biyu:
Ummu Yasir, na fahimce ki, duk muna da waɗanda ke jiran mu a can. Amma wanda ya taru yaranta za su ci, siril ba ya lalacewa da wuri, ta duba kwanan watan da ke jiki. Abin da nake tsoro shi ne a saba ɗauka da niyyar aikawa. Kuɗin da katin ya sauƙaƙa mata na ƙwai da kayan miya, ta ware wani abu daga ciki ta tura, su sayi gero da waken suya a can, ya fi musu kwalin da zai yi wata biyu a jirgin ruwa.

Maman Hanifa:
Allah Ya saka muku da alheri. Anti Rabi, na daina tun daren da na karanta, na kuma kai shi an auna shi, lafiyarsa ƙalau alhamdulillahi. Ashe kwalaben nan suna cikin katin wata guda ban taɓa su ba. Jiya ya ci na karas. Ranar Talata ina da ganawa a ofishin kan batun yogot. Hajiya, kunun gyaɗar nan da shinkafa kike yi ko da ots?