Muhawara: Da gaske baƙi daga sama sun sauka a gona a Zamfara?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum. Saƙon murya ne ke yawo a WhatsApp. Mai maganar ya ce a wani ƙauyen Zamfara, bai faɗi sunansa ba, an ga fitilu a jere suna tafiya a sama bayan sallar isha'i, suka ɓace bayan tsauni. Da gari ya waye aka tarar da da'irar ƙuna a gonar gero da wani baƙin dutse mai nauyi. Wani saurayi kuma ya ce a daren wasu gajerun halittu masu manyan kawuna sun tsaya a kansa, ya kasa motsi. Wai baƙi ne daga wata duniya. Masana, bismillah.

Malamin Kimiyya, Gusau: Wa alaikumus salam. Fitilun nan na yarda an gan su. Abin da aka siffanta ya yi daidai da taurarin ɗan'adam na Starlink, masu kai intanet, waɗanda ake harbawa tun 2019, da dama a tashi guda. A kwanakin farko suna tafiya a layi kamar ayarin raƙuma kafin su warwatsu. Ba su da fitila, hasken rana suke maidowa, shi ya sa ake ganinsu awa ɗaya zuwa biyu bayan magariba ko gabanin asuba. Idan suka shiga inuwar duniya sai su dushe ɗaya bayan ɗaya a wuri guda. Wanda ke da tsauni a gabansa zai rantse sauka suka yi.

Ɗan Mafara: Malam, abin da ke damuna ke nan. Da zarar baƙauye ya faɗi abin da ya gani sai a ce ruɗewa ya yi. Mutumin da ke kwana a fili, ya san Zara, ya san Gamzaki, ya san Kaza da 'Ya'yanta, da su yake lissafin damina, shi za a ce bai san sama ba? Rundunar sojin saman Amurka ta tattara rahoto 12,618 na baƙin abubuwan da aka gani a sama kafin ta rufe bincikenta a 1969, guda 701 ba a gano mene ne ba. Ga garin Ruwa na Zimbabuwe: ranar 16 ga Satumba 1994 yara kimanin sittin na wata firamare suka ce sun ga abu ya sauka kusa da makaranta, halittu sun fito. Likitan ƙwaƙwalwa na jami'ar Harbad, John Mack, ya je ya saurare su, ya ɗauki maganarsu da muhimmanci. Yara sittin ne za su haɗa baki?

Malamin Kimiyya, Gusau: Ƙanena, ban ce baƙauye bai san sama ba. Saman ce ta canza, yau akwai dubban abubuwa masu tafiya a cikinta da kakanninmu ba su gani ba. Su kuma 701 ɗin, ma'anarsu bayanan da aka samu ba su isa a yanke hukunci ba. "Ban gane shi ba" daban, "baƙo ne daga wata duniya" daban.
Maganar Ruwa: kwana biyu kafin nan, ranar 14, ɓaraguzan wata roka ta Rasha sun ƙone a sararin kudancin Afirka, jama'a suka gani, gidajen rediyo suka cika da zancen baƙin sama. Ranar da yaran suka ce sun ga abin, malamai na cikin taro, babba ko ɗaya bai gani ba. An fara yi musu tambayoyi a rukuni, kowa na jin amsar ɗan'uwansa, shi kuma Mack sai bayan wata biyu ya iso. Ba sai yaro ya yi ƙarya ba kafin shaidarsa ta gauraya da ta abokinsa.

Baba Safiyo: Ku bar Zimbabuwe, ku dawo gida. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani manomi a Zagami ta ƙasar Katsina yana korar hankaki a gonarsa, ya ji ƙara, dutse ya faɗo kusa da shi ya yi rami wajen ƙafa biyu. Nauyinsa kilo 18. Daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars ya fito, domin iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbon Amurka mai suna Viking ya auna a can a 1976. An sake samun faɗowar dutse a Mayo Belwa a 1974, da Gujba a 1984. Ɗan Mafara, ka ga manomi ya faɗi abin mamaki kuma duniya ta gaskata shi. Dalili, dutsen ya shiga hannun masu bincike.
Dutsen da ya faɗo sabo yana da siririn ɓawo baƙi kamar bayan tukunya, kaurinsa bai wuce na farce ba, ciki kuwa yawanci ruwan toka ne. Ya fi dutsen gida nauyi, ba shi da ramukan kumfa. A ɗaure mayen ƙarfen tsohuwar sifika da zare a matso da shi: mafi yawansu suna ja, ko da yake irin na Mars da ƙyar suke ja. Inda ake kuskure uku ne: kashin maƙera, wanda ramukan kumfa ke tona shi, tama, wadda in ka goga ta a bayan tayil take barin jan layi ko baƙi, sai gatarin aradu, wanda makamin dutse ne da mutanen dauri suka sassaƙa.
Abin da ya fi tsaya mini a saƙon shi ne ƙunar. Ƙaramin dutsen sama yana rage gudu tun yana nisan kilomita da yawa, ya ƙarasa faɗowa a cikin iska mai sanyi, ya iso ƙasa da sanyi ko ɗan ɗumi. Ba ya ƙona gona. Da'irar a duba ta daban: wurin toya gawayi ne, ko tarin karan da aka cinna wa wuta, ko tsawa? A tona taƙi ɗaya. Wutar kara a sama take tsayawa, ramin gawayi yana barin baƙin ƙasa har ciki.

Hajiya Nas, Gummi: Baba, ka yi mini izini in ƙara. Don Allah kada kowa ya fasa dutsen nan ko ya daka shi a gida. A ƙasarmu dutse mai nauyin da ya wuce girmansa yakan zama na dalma. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a yankin Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinari mai dalma da ake niƙawa a tsakar gida. A sa shi a leda mai kauri, a ɗaure, a ɗaga shi daga inda yara ke kai hannu, a wanke hannu da sabulu.
Saurayin kuwa, abin da ya faɗa dannau ne sak. A lokacin mafarki ƙwaƙwalwa takan kashe motsin gaɓoɓi. Wani lokaci mutum ya farka jikin bai sake ba: ido buɗe, ƙirji da nauyi, murya ba ta fita, ya ga siffa tsaye a kansa. Daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintuna. Rashin isasshen barci, fargaba da kwanciya rigingine suna ƙara shi, kuma mun san yadda mutanen ƙauyukanmu ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga. Kada a yi masa dariya. A tambaye shi sau nawa abin ke zuwa, in ya yawaita a kai shi asibiti.

Alaramma: Aya ta 29 a Suratus Shura ta ambaci halittar sammai da ƙasa da abin da Allah Ya watsa a cikinsu na dabba, don haka ba mu da hurumin cewa babu wata halitta sai mu. Amma aya ta 6 a Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari. Saƙon da ba sunan gari, ba rana, ba sunan mai shaida, bai kai a tura shi gaba ba.

Ɗan Mafara: Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan. Hajiya, dannau ma na yarda. Amma Malamin Kimiyya, maganar Ruwa ba ta mutu a wurina ba, kuma fitilun ba ka tabbatar ba, kamantawa ka yi.

Malamin Kimiyya, Gusau: Gaskiyarka, kamantawa ce, kuma ana iya gwada ta. A samo rana da lokaci, ko da "minti nawa bayan isha'i" ne. A tambayi shaidu ɗaya-ɗaya, ba a gaban juna ba, kada a sa musu magana a baki. Kowa ya tsaya inda ya tsaya a daren, ya nuna inda hasken ya ɓullo da inda ya ɓace, a ɗauki alƙibla ma'auni. Tsawo kuma da dunƙulen hannu a miƙe: kowane dunƙule digiri goma ne daga doron ƙasa. Sai tsawon lokaci. Daƙiƙa biyu zuwa biyar dutse ne ke ƙonewa. Rabin minti zuwa minti ɗaya yana rarrabuwa a kwance, tarkacen roka ne, kuma wani yakan iso ƙasa, kamar zoben ƙarfe mai kilo wajen 500 da ya faɗa ƙauyen Mukuku na Kenya ranar 30 ga Disamba 2024. Minti uku zuwa shida ba ƙiftawa ba ƙara, tauraron ɗan'adam ne. Ja da kore da fari mai ƙiftawa, jirgi ne. Da wannan za a buɗe manhajar Stellarium ko Heavens-Above a ga abin da ya ratsa samaniyar wurin a wannan minti. In babu komai a jadawalin, zan faɗa a zauren nan cewa ban san mene ne ba.

Baba Safiyo: In kuma ƙarfe ne aka tsinta ba dutse ba, kada a taɓa, kada a kai wa 'yan gwangwan. A yankin da jiragen yaƙi ke aiki yana iya zama abin fashewa. A sanar da mai gari, shi ya kira jami'an tsaro.

Mai Kula da Zaure: Ɗan Mafara, kai ka fara turo saƙon. Koma wa wanda ya turo maka, ka tambaye shi sunan ƙauyen da ranar, da hoton dutsen an ajiye kwalin ashana a gefensa.

Ɗan Mafara: To, yanzu zan kira shi.