Wai mai gaskiya ma sai ya kulle saƙonninsa?

Malam Ɗanlami: Jama'a, kulle saƙon waya yadda ba mai iya karanta shi sai mai aikawa da mai karɓa, ni fa ban ga amfaninsa ga talaka ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. In ba ka aikata laifi ba, wa ya damu da hirarka?

Hajiya Rabi: Haba Malam. Sakamakon gwajin asibiti da ka tura wa ɗan'uwanka, lambar asusun banki, hoton 'yarka, saɓanin miji da mata da ake sasantawa cikin dare. Wanne ne laifi a ciki? Kuma wanne za ka yarda baƙo ya karanta?

Malam Ɗanlami: Na ji, Hajiya. To 'yan ta'adda da masu cutar da yara fa? Su ma bayan wannan kullen suke fakewa. A bai wa hukuma mabuɗi, in kotu ta amince ta buɗe.

Nura: Allah gafarta Malam, damuwarka gaskiya ce, amma mabuɗin nan ba ya tsayawa a hannu ɗaya. A 2024 masu kutse da ake kira Salt Typhoon, waɗanda Amurka ta danganta da Sin, sun shiga manyan kamfanonin sadarwa na Amurka, har cikin tsarin da aka tanada don hukuma ta saurari waya da izinin kotu. Ƙarshenta jami'an Amurka da kansu suka shawarci mutane su koma manhajoji masu kulle saƙo.

Maryam: Yaya Nura, tun 2016 ai WhatsApp ke kulle saƙo daga wayar mai aikawa, ba ya buɗuwa sai a wayar mai karɓa. Ke nan mun tsira?

Nura: Da saura, ƙanwata. Kalamanki ne a kulle, amma kamfani na iya sanin da wa kika yi magana da kuma yaushe. In aka dasa wa wayar manhajar leƙen asiri irin Pegasus, a kan fuskar wayar za a karanta komai. SMS ba shi da irin wannan kulle, Telegram ma sai kin buɗe hirar sirri da kanki.

Malam Ɗanlami: Ka ga ke nan kariyar ma rabi ce. Har yanzu dai ba wanda ya faɗa mini yadda za a kama mai laifi.

Hajiya Rabi: A bi shi da bincike, a karɓi wayarsa da umarnin kotu. Ban yarda a buɗe sirrin kowa saboda shi ba.