Waɗanda suka yi The Scarlet Letter a aji, ya kuka ƙare da shi?

Ummin Sadiq: Salam ƴan uwa, an ba mu littafin nan na Nathaniel Hawthorne a kwas ɗin adabin Amurka, ni dai tun a gabatarwa na maƙale, bawan Allahn nan sai zuba yake kan ofishin kwastan na Salem inda ya yi aiki, har yanzu ban ga labari ba. Don Allah waɗanda suka wuce nan ya kuka yi?

Ɗan Bencin Baya: Hhh tsallake ta kawai ƴar uwa kya dawo daga baya. Fara daga inda aka fito da Hester, matar da labarin yake kanta, daga kurkuku da jaririya a hannu, aka tsayar da ita kan dandamali a kasuwar Boston, ga jan harafin A, tambarin zina, a ƙirji. Turancin dai sai da ƙamus a gefe, rubutun 1850 ne kuma labarin na shekarun 1640, jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi.

Anti Bilki: Mu ranar da aka tattauna shi saura kaɗan a ba hammata iska wlh. Wai Dimmesdale, faston da ya yi mata cikin, shi ne a tsaye a sama yana roƙonta gaban jama'a ta faɗi sunan mutumin, ku ji ƙarfin hali fa, shekara bakwai yana wa'azi ana sharar hawaye ita tana yawo da tambari yara na binta. Wani a ajinmu ya ce ai shi ma ya ji jiki tunda har bulala yake wa kansa a ɗaki, muka ce a ɗaki ko? ya fito kasuwa mana. Amma ni abin da ya fi tsaya min ɗinkinta ne, da allura take ci da ƴarta Pearl, ta yi wa gwamna ado, ta yi kayan jarirai har da na gawa, amma mayafin amarya ko sau ɗaya ba a kawo mata ba.

Malam Karami: Kar ki yi wasa da tarihin, nan lakcaranmu ya kama mu a jarabawa. Ƴan Puritan ɗin nan, Kiristoci masu tsauri na Boston, da John Winthrop ya jagoranto a 1630 saboda addini suka baro Ingila, su ne kuma suka kori Anne Hutchinson a 1638 kan saɓanin aƙida. Shi kansa marubucin jikan jikan John Hathorne ne, ɗaya daga alƙalan shari'ar mayu ta Salem a 1692.

Zee: Ni tambayar da na yi a aji ita ce ina masu ƙasar? Indiyawan nan, ƴan asalin Amurka, sai dai ka hango su a gefen taro ko a ce a wurinsu Chillingworth mijin Hester ya koyo haɗa magani da saiwoyi, shi kenan fa. Malamar ta ce in riƙe shi in yi furojet a kai, ni kuma lokacin har na riga na kai wani taken an sa hannu.