Haɗa manhaja da Slack ko Teams: inda kowa ya yi tuntuɓe

Daga Makka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A ofishinmu na hidimar masu Umara mun rubuta wata 'yar manhaja da za ta riƙa jefa sanarwar saukar jirage a Jidda cikin zaurenmu na Slack, dandalin tattaunawar ma'aikata, amma sai da na kwana biyu ina fama kafin ta buɗe baki. Na karɓi mabuɗin, wato lambar sirrin da manhajar ke shiga Slack da ita, wanda ke farawa da xoxb-, na ba ta izinin chat:write na aika saƙo, duk da haka amsar da ke dawowa ita ce not_in_channel. Ashe sai an gayyato ta cikin zauren kamar yadda ake gayyatar mutum. Da na ƙara mata wani izini daga baya, nan ma shiru, sai da na sake girka ta sannan ya kama. Wanda ya taɓa wannan aiki ya ba mu nasa labarin.

Daga Madina:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu da Teams, takwaran Slack na Microsoft, muke aiki, ana kuma yin rajistar manhajar a Microsoft Entra ID, tsarin da ke kula da izinin shiga, wanda kafin 2023 ake kira Azure AD. Idan ka ƙirƙiri kalmar sirrin manhaja, shafin yana nuna Value da Secret ID gefe da gefe. Ni na kwafi na biyun, alhali na farkon ake buƙata, shi kuwa da zarar ka bar shafin ba ka ƙara ganinsa. Dole na ƙirƙiri sabuwa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wa'adinta, wanda a shafin ba ya wuce wata 24: na zaɓi wata 6 na manta, ta mutu a goman ƙarshe na Ramadan, alhazai sun cika masauki.

Daga Jidda:
Tawa, Alhaji, agogo ne ya jawo ta. Ƙanina ya iso daga Kano, ya tura agogon wayarsa gaba da awa 2 da hannu, bai sauya yankin lokaci ba. Lambar tantancewa ta shiga asusu, mai sauyawa duk daƙiƙa 30, da lokaci ake lissafa ta, saboda haka kowacce ya shigar sai a ƙi ta. Mun zargi intanet har la'asar.

Daga Makka:
Madalla, Hajiya. Namu mabuɗin na Slack, saɓanin kalmar sirrin 'yan Madina, ba ya mutuwa sai an kunna tsarin juya shi, wanda ke sa ya ƙare duk awa 12, kuma ban yi ƙarfin halin kunnawa ba tukuna.