Hular bakin hannun jigo ta ruɓe tana cin filafili: roba zan mayar ko fata?

Mai Jirgi Apapa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Jirgin mai tsawon ƙafa 30 ne, a gefen Apapa yake ɗaure. Jigonsa, wato dogon sandan da ke riƙe filafili, na alminiyom ne, yana da hannaye biyu, dama da hagu, masu tokare wayoyin gefe, waɗanda ma'aikatan bakin ruwa ke ce wa sifreda. Wayar sitenles ce mai kaurin milimita 6. Hular robar da ke bakin kowane hannu ta tsattsage, ta hagun ma rabinta ya faɗi, sai tsohon salatif ke lilo. Babban filafilin gaba ya fara cinyewa daidai inda yake gogar wurin, ɗinkin ya warware kusan taƙi guda.

Tambayata: in sa a kawo mini sabuwar hular roba, ko in sa a ɗinka ta fata a nan Legas? Sai an sauke jigon ƙasa, ko za a iya yi a tsaye? Wani kuma ya ce in yanko tif ɗin taya in naɗe wurin kawai. Allah ya saka da alheri.

Mai Ɗaurin Waya:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ba sai ka sauke jigon ba, a tsaye ake yi. Amma kafin maganar roba ko fata, ka san cewa hular ita ce ƙaramin aiki a nan. Abin da ta ɓoye shekara da shekaru shi za ka je dubawa.

Hawan tukuna. Igiya biyu za a ɗaure ka da su, ta ɗaga babban filafili da wata daban, kowacce da mutumin da ke riƙe da ita. Ka ƙulla igiyar kai tsaye a jikin kujerar hawa da ƙullin bolin, wanda ba ya zamewa. Kada ka amince da maƙalar nan mai buɗewa da ja ɗaya, in ta kama wani abu a hanya buɗewa take yi. Mai winci, wato na'urar jan igiya, ya zagaya igiyar sau uku ko huɗu a jikinta, kuma kowa ya kauce daga ƙarƙashin jigo. Kayan aiki a bokiti, kowanne da siririyar igiyarsa, don filaya in ta faɗo daga mita shida sai ta fasa bene ko kan mutum. Ka hau da sassafe, bayan asuba da gari ya waye, kafin jiragen fasinja na Marina zuwa Apapa da masu jan manyan jirage su fara tayar da igiyar ruwa. Girgizar da a ƙasa ba ka ɗauke ta komai ba, can sama wujijjiga ka za ta yi. In ka ga hadari ya haɗo, ka fasa. Jigon alminiyom ba wurin zama ba ne lokacin tsawa.

Da ka isa, ka yanke tsohuwar hular da duk salatif ɗin, bakin wuƙar yana kallon waje don kada ka karce wayar. Ka wanke wurin da ruwan daɗi, ba na lagun ba, ka goge da soson roba irin Scotch-Brite. Kada ka kusanto da soson ƙarfe ko burushin baƙin ƙarfe, ɓurɓushinsa na maƙalewa a jikin sitenles ya haifar da tsatsa.

Abu uku za ka nema. Na farko farin gari kamar alli a bakin hannun. Alminiyom ne ke cinyewa. Duk inda alminiyom da sitenles suka haɗu, ruwan gishiri ya zauna a tsakaninsu, alminiyom ɗin ne ke biyan kuɗin. In garin sama-sama ne, gogewa ta wadatar. In ramin da wayar ke kwanciya a ciki ya faɗaɗa ko gefensa na marmashewa, sai an canza bakin.

Na biyu wayar kanta. Irin taka silli 19 ne aka murɗa wuri guda. Ka ɗauki tsumma ka ja a jikinta sama da ƙasa, kada ka yi da tafin hannu. In tsumman ya sarƙe, silli ya tsinke ke nan. Sitenles na buƙatar iska kafin ya kare kansa; in aka shaƙe shi cikin danshi, ta ciki yake ruɓewa, waje na ƙyalli. Shi ya sa ƙarƙashin hula ne wurin da ya fi lalacewa, musamman a gari irin Legas da laima ba ta yankewa.

Na uku, wanda mutane suka fi mantawa, tsayuwar hannun. Ba a kwance sak yake zama ba, bakinsa kan ɗan ɗaga sama kaɗan, yadda kusurwar da ke tsakanin hannu da waya ta sama za ta yi daidai da ta ƙasa. Ka yanki kwali ka gwada saman, ka juya shi ka gwada ƙasan. In bakin ya sunkuya, nauyin waya zai yi ta danna shi ƙasa har ranar da zai zame, jigon kuma ya karye daga nan. Abin da ke riƙe shi a wurinsa ɗauri ne da siririyar wayar Monel, ƙarfe mai jure tsatsa, ko sitenles mai laushi, kauri kamar milimita 1, a zura ta cikin hudar bakin hannun, a naɗe jikin babbar wayar sama da ƙasa, a murɗe da filaya, a lanƙwasa tsinin ciki. Hula ba ta riƙe hannu. In ka tarar salatif kaɗai ke riƙe da shi, ka gode wa Allah ka ɗaure da wuri.

Kafin ka rufe, ka shafa man hana ruɓewar ƙarfe irin Tef-Gel ko Duralac, ko man lanolin in su ba su samu ba, a cikin ramin, don ya raba ƙarafan biyu. Tunda kana can, ka leƙa gindin hannun inda ya haɗu da jigo, ka duba ko akwai tsaga ko ribit da ya saki.

Maganar tif ɗin taya, ka bar ta. Yana shafa baƙi a farin filafili wanda ba ya fita, rana na fasa shi da sauri, kuma yana shaƙe wurin ruf, ruwa ya shiga ya rasa mafita.

Baduku Mushin:

Malam ya gama magana a kan ƙarfe. Ni a kan hular zan tsaya, kuma fata nake ba da shawara. Ta roba tana da sauƙin sawa, gaskiya ne, ka buɗa ta ka rufa ka naɗe wuyanta, minti goma an gama. Amma dole girmanta ya dace da faɗin bakin hannunka da kaurin wayarka, in ta yi yawa tana juyawa, kuma ranar Legas na busar da ita ta tsage kamar yadda ka gani. Fata kuwa ga ta nan a kasuwar Mushin, kuma kai za ka yanka ta daidai jikin abinka.

Sai dai ba kowace fata ba. Kada ka ɗauki wadda aka jeme da bagaruwa, irin tamu ta gida da ake jaka da takalmi. Fata ce mai kyau a wurinta, amma in ta jiƙe tana zubar da ruwan jima, ya bar ja-ja a filafili, in ta bushe kuma ta ƙandare. Kada kuma ka ɗauki mai rini. Ka nemi ta saniya jimar kamfani, wadda in aka yanka cikinta yake toka-toka mai ɗan shuɗi, marar fenti, kaurin milimita 2 ko ƙasa da haka kaɗan. Ta akuya ta yi siriri.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Hawan farko na awo ne: ka tafi da takarda mai kauri, ka rufa ta a bakin hannun, ta bi wayar santimita 7 zuwa 8 sama, haka ma ƙasa, ta kuma shigo jikin hannun kamar santimita 6. Ka zana, ka sauko. A ƙasa za ka yanka fatar, ka rage ta kaɗan daga awon, kamar milimita 3, domin za ta miƙe. A ƙasa kuma za ka huda ta da basilla, huda da huda tsakani milimita 6 zuwa 8, nesa da baki milimita 5, kuma ka ƙirga hudojin ɓangarorin biyu su zo daidai. Wanda ya ce zai yi huda yana rataye a sama yatsansa zai huda.

Ka jiƙa ta cikin ruwan ɗumi kamar minti 20 kafin hawa na biyu. Zaren foliyesta mai kaki za ka yi amfani da shi, na auduga ruɓewa yake yi. Allura biyu a zare ɗaya, kowacce ta shiga ta ƙarƙashin bakin fatar ta fito sama a ɗaya gefen, suna giciye, yadda bakunan biyu za su haɗu ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba. Kowane ɗinki uku ka ja ka tsuke. Layin ɗinkin ya kalli jigo, kada ya zauna a fuskar da filafili ke shafa, in ba haka ba zaren ne zai fara cinyewa.

Ga wurin da nake son ka kula sosai. Wuyan sama ka tsuke shi gam a jikin waya, ka zagaya zare sau biyar ko shida, don ruwan da ke gangarowa ya rage shiga. Wuyan ƙasa kuwa ka bar shi a buɗe, yadda karan ashana zai shige. Ruwa dole ya shiga ko ka ƙi ko ka so, aikinka shi ne ka ba shi hanyar fita. Ko ta roba ka zaɓa, haka za ka yi: naɗi a sama, ƙasa a sake. In fatar ta bushe za ta kama wurin kamar a nan aka halicce ta.

Mai Ɗinkin Filafili:

Ranka ya daɗe, ka gyara filafilin ma, don hula sabuwa ba ta mayar da ɗinkin da ya warware. A sauke shi, a wanke da ruwan daɗi, ya bushe sarai, a sake ɗinkin da zare mai jure rana. Sannan a manna faci na yadin filafili irin Dacron mai gam a baya, fuska biyu. Don gane wurin, a ɗaga filafilin ranar da babu iska sosai, a ja shi ciki, wanda ke sama ya yi alama da fensir inda bakin hannun ke taɓawa. Facin ya wuce alamar da kyau gaba da baya, saboda lokacin juya jirgi filafilin jan jiki yake yi a kan bakin, ba a tabo ɗaya yake tsayawa ba. Kamar santimita 25 a tsaye, 70 zuwa 90 a kwance ya isa jirgi irin naka. Ka zagaye kusurwoyinsa da almakashi, kusurwa mai tsini ita ke fara ɓallewa. Ka goge wurin da sifirit, ka manna daga tsakiya zuwa gefe, ka murza da bayan cokali. Na fuska ta biyu ya ɗan fi na farko girma don bakunansu kada su haɗu a layi ɗaya su yi wurin karyewa.

Ka duba fil-fil masu baki biyu da ke jikin jigo da ƙasan wayoyi. Sau da yawa su ke yaga, a ɗora wa hula laifi. A buɗa bakin kaɗan kawai, kamar digiri 20, a gogar da tsinin da magagari, a ɗiga silikon a kai. In za ka naɗe, tef ɗin roba mai haɗewa da kansa za ka sa, wanda ba shi da gam. Baƙin salatif na masu wayarin gida narkewa yake yi a rana, ƙurar hunturu ta manne masa. Kebul-tai, maɗaurin robar nan na wayoyi, shi ma ban so a wurin, yankakken bakinsa reza ne.

Mai jan igiya kuma ya riƙa barin tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakanin filafili da bakin hannun.

Mai Jirgi Apapa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. An hau yau da safe. Dama lafiya lau, farin garin kaɗan ne. A hagu tsumma ya sarƙe, silli ɗaya ya tsinke daidai cikin ramin. Tunda saura 18, zan iya lanƙwasa shi in rufe da fata zuwa bayan damina?

Mai Ɗaurin Waya:

A'a Alhaji, kada ka rufe, kuma kada ka ɗaga filafili ko zuwa Tarkwa Bay da ke nan kusa ne. Abin da ya ci silli ɗaya ya taɓa maƙwabtansa, kuma na cikin murɗin ido ba ya ganinsu. Wayar za a canza, da 'yar'uwarta ta dama, tunda rana ɗaya aka sa su. In sun kai shekara 10, ka sa ran canza sauran ma. Ka nemi sitenles mai lamba 316, ya fi 304 jure gishiri.

Wajen cirewa, ka fara tokare jigon da igiyar ɗaga filafili, ka kawo ta gefen da za ka kwance, ka ɗaure a wuri mai ƙarfi a bakin bene, ka ja da winci ta yi tauri. Ka naɗa tef a zaren tambokul, wato abin murɗawar da ke tsuke wayar a ƙasa, don alamar inda yake, ko ka ƙirga juyin da ka sassauta ka rubuta. Gefe ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan, kuma wayoyin ƙasa, na gaba da na baya su kasance a ɗaure kafin kowa ya hau. Tsohuwar wayar ka kai ta yadda take, da bakunanta, a yi awo a kanta. Fatar ka ajiye ta a huje, sai an daidaita sabuwar waya, an fita gwaji sau ɗaya ko biyu ta gama miƙewa, an sake duba kusurwar hannun an ɗaure, sannan ka jiƙa ka ɗinka.